Zubin Ɗorawa a Kartar Foka da Ma'aunin Littattafan Madabo

Gabatarwa

Akwai wata hujja da ta daɗe tana yawo a bakin masu caca, wadda ta ƙara samun gindin zama tun da caca ta bar bayan kasuwa ta koma cikin wayar hannu. Hujjar ita ce wai wasa iri biyu ne. Akwai na sa'a zalla, kamar cacar wuri ta zamanin da, inda ake watsa wuri a dubi nawa suka kife, nawa suka yi rigingine. Akwai kuma na gwaninta, wanda masani yake cin jahili kamar yadda gwanin dara yake cin ɗan koyo. Na farkon, in ji su, shi ne caca. Na biyun kuwa sana'a ce kamar kowace sana'a. Maganar ba ta fatar baki kaɗai ba ce, domin dokar shari'a da aka kafa a Jihar Kano a shekarar 2000 ta hana caca, a 2024 kuma Hukumar Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a birnin. Saboda haka sunan da aka ba wasa yana iya raba mutum da dukiyarsa, ko ya kai shi gaban alƙali.

Wasan da aka fi kafa wannan hujja da shi a duniya shi ne kartar Amurkawa da ake kira foka. Manufar wannan maƙala ita ce a ɗauki mataki guda tak na wasan, watau yawan kuɗin da ɗan wasa zai zuba bayan an buɗe katuna uku na farko, a warware lissafinsa filla-filla don a ga iyakar gwanintar da ake faɗa. Daga nan sai a ɗora shi a kan ma'aunin littattafan fiƙihun da aka daɗe ana karantawa a unguwar Madabo. Ba a yi nufin koya wa kowa caca ba. Amma malaman fiƙihu da kansu ba su yanke hukunci a kan abu sai sun san siffarsa.

Siffar Wasan

Foka ta bunƙasa ne a kudancin Amurka a farkon ƙarni na 19, musamman a birnin New Orleans da cikin jiragen ruwan kogin Misisifi. Nau'in da ya fi yaɗuwa a yau ya fito daga jihar Tekzas, kuma shi ake bugawa a babbar gasar duniya da aka fara a birnin Las Vegas a 1970.

Ana yin sa da karta mai katuna 52, dangi huɗu, kowane dangi katuna 13. Akan raba wa kowane ɗan wasa katuna biyu a rufe, a yi zagayen zubi. Sa'an nan a buɗe katuna uku a tsakiya waɗanda kowa yake da rabo a cikinsu, a sake zagayen zubi. Wannan shi za a riƙa kira buɗin farko. Sai a buɗe na huɗu a yi zubi, a buɗe na biyar a yi zubi na ƙarshe. Wanda ya haɗa biyar mafi daraja daga nasa biyu da na tsakiya biyar, shi ke kwashe tarin kuɗin. Tagwaye, watau katuna biyu masu lamba ɗaya, sun fi hannun da bai haɗa kome ba. Uku masu lamba ɗaya sun fi tagwaye. Jeri, kamar 5, 6, 7, 8, 9, ya fi waɗannan. Biyar 'yan dangi ɗaya kuma sun fi jeri. In zagaye ya zo kan mutum, ko dai ya wuce in ba wanda ya zuba, ko ya zuba, ko ya amsa abin da wani ya zuba, ko ya yi ƙari a kai, ko ya yar da katinsa ya haƙura da abin da ya riga ya sa. Abin lura a nan shi ne, in kowa ya janye, wanda ya rage yakan kwashe tarin ba tare da ya nuna abin da ke hannunsa ba. Daga wannan ƙofa ce burga ta shigo wasan.

To, a ƙaddara Audu ya yi ƙari tun kafin buɗin farko, Bala kuwa ya amsa, sauran suka janye. Aka buɗe uku. Idan Audu ya sake zubawa, ko katunan da aka buɗe sun yi masa rana ko ba su yi ba, wannan shi ne zubin ɗorawa, domin ya ɗora ne a kan ƙarfin da ya fara nunawa.

Dalilin yin sa lissafi ne mai sauƙi. Mutumin da ke riƙe da katuna biyu masu lamba dabam-dabam, katuna shida ne kawai cikin 50 da bai gani ba za su ba shi tagwaye. In aka buga lissafin, sau 68 cikin 100 buɗin farko ba ya kawo masa ko ɗaya daga cikinsu. Watau sau biyu cikin uku Bala bai sami kome ba. Audu ma haka, amma shi ne ya fara ɗaga murya, ga shi kuma Bala ba ya ganin hannunsa.

Nawa Za a Zuba?

Nan ne gizo yake saƙar. Kowane zubi farashi biyu ne a lokaci guda: abin da mai zubi ya saka cikin haɗari, da kuma abin da ya yanka wa abokin karawarsa in yana son ganin kati na gaba. Ba a auna zubi da yawan naira. Ana auna shi ne da girman tarin da ke tsakiya. Abin sha'awa, kalmomin da suka fi dacewa da wannan awo su ne waɗanda ɗaliban ilmin rabon gado suka saba da su: rabi, sulusi, rubu'i.

A ce naira 600 ce a tsakiya, Audu kuma ba shi da kome, burga kawai zai yi. In ya zuba sulusin tarin, naira 200, ya saka 200 don ya ci 600. Ko da sau uku cikin huɗu Bala ya amsa ya cinye shi, asararsa 600 ce, cin da ya yi sau ɗaya kuwa ya mayar masa da ita. Ke nan bukatarsa Bala ya janye sau ɗaya cikin huɗu, rubu'i ke nan, duk abin da ya haura haka riba ce. In ya zuba rabi, naira 300, sai Bala ya janye sau ɗaya cikin uku. In sulusi biyu ne, naira 400, sai sau 40 cikin 100. In kuwa ya zuba daidai da tarin, naira 600, sai burgar ta ci sau ɗaya cikin biyu kafin ya mayar da uwar kuɗi. Idan aka tuna cewa sau 68 cikin 100 Bala bai haɗa tagwaye ba, za a ga abin da ya sa 'yan wasan da suka fara gane wannan lissafi suka riƙa ɗorawa kusan kowane lokaci. Dan Harrington, wanda ya ci gasar duniya ta 1995, shi ne ya yaɗa sunan wannan dabara a littafin da ya fitar a 2004, inda ya ba da shawarar a zuba wajen rabin tari.

Mai karatu zai ce, ashe ƙaramin zubi ya fi, tun da ya fi arha. Sai dai arhar ta kowa da kowa ce. In Audu ya zuba 200, Bala zai biya 200 ne don ya shiga tarin da zai zama 1,000, saboda haka in yana da damar ci sau ɗaya cikin biyar, humusi ke nan, amsawa ba ta zama masa asara ba. A kan zubin 300 yana bukatar rubu'i, a kan 400 wajen 29 cikin 100, a kan 600 kuwa sulusi. Yanzu a ƙaddara Bala yana da katuna huɗu 'yan dangi ɗaya, biyu a hannu biyu a tsakiya, yana jiran na biyar. Katuna tara suka rage na wannan dangi cikin 47 da bai gani ba, watau sau 19 cikin 100 kati na gaba zai cika masa. Zubin 200 ya sayar masa da wannan dama kusan a bakin kuɗinta, in kuma aka haɗa da abin da zai ƙara ci bayan ta cika, ya yi sayayya mai riba. Zubin 400 kuwa ya tsauwala masa. Wanda ya zuba kaɗan a irin wannan hali, alhali yana da hannu mai kyau, ya yi wa abokin gabarsa rangwame ne bai sani ba.

Mafita ta farko da takan zo wa ɗan koyo ita ce ya zuba da yawa in yana da ƙarfi, ya zuba kaɗan in burga ce. Wannan ita ce babbar wautar wasan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kasuwar Kurmi ya ga dillali yana karɓar tayi ya san dalili. Tayin farko da mai saye ya yi, da saurin da ya yi wajen ƙarawa bayan an ce masa albarka, sun isa su gaya wa dillali iyakar abin da ke aljihunsa da kuma yadda kayan suka shiga ransa. Gogaggen mai saye shi ne wanda tayinsa a kan abin da yake mutuwar so da tayinsa a kan abin da bai dame shi ba duk ɗaya ne. Haka zubi yake. Magana ce da ake yi da kuɗi, in kuma muryar gaskiya ta bambanta da muryar ƙarya, ba a daɗe ba a gane mai ita. Masanin lissafi John von Neumann, a littafin da ya rubuta tare da Oskar Morgenstern a 1944 kan nazarin wasanni da tattalin arziki, ya nuna da hujjar lissafi cewa burga wajibi ce ga mai son buga wasan daidai. Amfaninta bai tsaya ga cin tari da hannu mara ƙarfi ba. Ita ce ke sa a amsa wa mutum ran da yake da ƙarfin gaske.

To, in ba hannun mutum ne zai yanke girman zubi ba, me zai yanke? Amsar ita ce katuna ukun da ke shimfiɗe a gaban kowa. Ɗan wasa ba ya tambayar kansa abin da yake riƙe da shi kaɗai. Yana tambaya ne, cikin dukkan hannuwan da mai ƙari irinsa zai iya riƙewa, da dukkan waɗanda mai amsawa irin Bala zai iya riƙewa, wa wannan buɗi ya fi yi wa daɗi?

A ɗauki buɗin da ya fito da Sarki, da 7, da 2, kowanne danginsa dabam. 'Yan wasa suna kiran irin wannan busasshen buɗi, domin babu jeri ko dangi da ke kusa da cika. Mai ƙari shi ya fi yiwuwa ya riƙe manyan katuna, har da Sarki da babban abokinsa, ko tagwayen da suka fi kowane. Da Bala ne ke da irin waɗannan, da tun farko ya mayar da ƙari maimakon ya amsa kawai. A nan Bala ko dai yana da abu ko ba shi da kome, kuma wanda ba shi da kome zai janye ko 200 aka zuba ko 600. Me zai sa a biya 600 don abin da 200 za ta saya? Daɗin daɗawa, ƙaramin zubi yakan jawo masu ƙananan tagwaye su amsa, su biya kuɗin da babban zubi zai kore su daga biya. Shi ya sa a busasshen buɗi ake zuba kaɗan, kamar rubu'i ko sulusi, amma da mafi yawan hannuwa.

Sai kuma buɗin da ya fito da 9, da 8, da 7, biyu daga ciki 'yan dangi ɗaya. Wannan ɗanyen buɗi ne. Irin katunan da mai amsawa yakan riƙe ke nan, matsakaita masu bin juna, manyan katunan Audu kuwa sun tashi a banza. Kusan rabin katunan da suka rage suna iya juya al'amari. A nan Audu ba shi da ikon ɗorawa da kowane hannu. Sau da yawa wucewa ta fi masa, don da mugunyar rawa gara ƙin tashi. Ran da ya zuba kuwa, sai ya zuba da nauyi, sulusi biyu ko fiye, da hannuwansa mafi ƙarfi da kuma waɗanda ke jiran kati guda su cika. Ƙa'idar ke nan a dunƙule: inda buɗi ya fi son mai ƙari kuma ba ya saurin sauyawa, a yawaita zubi a ƙaranta shi, inda ya fi son mai amsawa kuma yana saurin sauyawa, a ƙaranta yawan zubi a girmama shi.

Wasu abubuwa biyu sukan gyara wannan ƙa'ida. Wanda zagaye yake ƙarewa a kansa ya fi sakewa, domin ya ga abin da ɗan'uwansa ya yi kafin ya motsa. Yawan abokan karawa kuma yana rage darajar burga: in mutum ɗaya yana kuskure buɗi sau 68 cikin 100, to, a ce mutum biyu duk sun kuskure tare bai wuce wajen sau 46 ba, mutum uku kuwa wajen 31.

Akwai wani ɓangare da ɗan koyo ba ya hangowa, alhali shi ne ya fi cin dukiya. Zubin ɗorawa shi ke aza harsashin zubi biyun da ke biye, domin kowanne da girman tari ake auna shi. In aka fara da 600, aka zuba sulusi sau uku ana amsawa, tarin zai tashi 1,000, sannan 1,667, ya tsaya a 2,778. In sulusi biyu ake zubawa, zai kai 7,622. In kuwa daidai da tari ake yi, sai ya ninka uku kowane zagaye: 1,800, sai 5,400, sai 16,200. Bambancin naira 400 a zubin farko ya zama bambancin fiye da naira 13,000 a ƙarshe.

Cewa akwai gwaninta a cikin wannan duka, ba abin musu ba ne. A 2017 wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus, wadda masana na Jami'ar Carnegie Mellon suka ƙera, ta kara da ƙwararrun 'yan foka huɗu a birnin Pittsburgh, aka buga hannu 120,000, ta cinye su da rata mai faɗi. Sa'a ba ta bin mutum har sau 120,000. Cikin abubuwan da suka ba ƙwararrun mamaki har da yadda take sauya girman zubi, wani lokaci ɗan mitsitsi, wani lokaci ninkin tari. Irin waɗannan manhajoji ne suka raunana tsohuwar al'adar rabin tari a kowane buɗi. Sai dai wannan nasara kaifi biyu gare ta. In gwaninta ce ke ci a ƙarshe, to, kuɗin gwani daga aljihun mara gwaninta suke fitowa, ga kuma la'adar da mai gidan caca yake yanka daga tari. Yaron da ke bugawa a waya bai san ko da wa yake karawa ba, mutum ne ko inji.

Ma'aunin Madabo

Madabo tana cikin tsofaffin unguwannin malamai na birnin Kano. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), kuma ana danganta masallacin Madabo da su. Daga baya unguwar ta yi suna da karatun fiƙihun Malikiyya, musamman Muhtasar na Shehu Halilu ɗan Ishaƙu, malamin Masar na ƙarni na 14, har shugaban makarantar ake kira Babban Malami. Ba shakka waɗannan littattafai ba su san foka ba. Amma sun san tambayar da 'yan foka suke yi, sun kuma amsa ta tun da daɗewa.

Asalin hukuncin yana cikin Alƙur'ani, a aya ta 219 ta Suratul Baƙara da ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida, inda aka haɗa caca da giya. Abin tambaya shi ne ko gwaninta tana fitar da wasa daga wannan hukunci. Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wadda ɗalibi yakan karanta kafin ya kai ga Muhtasar, ta hana wasan nardi, wanda ake jefa ƙwaya a cikinsa, ta kuma hana shaɗaranji a wuri guda, alhali shaɗaranji, darar nan da Larabawa suka karɓa daga Farisawa, babu sa'a a cikinta ko ƙanƙani. Gaskiya ne Shafi'iyya sun sassauta a kan shaɗaranjin da ba a sa kuɗi ba, amma su ma in kowane ɓangare ya sa kuɗi, sun ce caca ce. Ke nan rabon da masu hujja suka yi tsakanin sa'a da gwaninta ba shi ne rabon da malaman suka yi ba.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne babin tsere a cikin Muhtasar, wanda ya biyo bayan babin jihadi. A nan an halatta gasa da lada a kan abubuwa ƙididdigaggu: tseren dawaki, da na raƙuma, da harbin kibiya. Duk waɗannan gwaninta ce tsantsa, kuma gwanintar da al'umma take bukata. Duk da haka sai aka gindaya sharuɗɗa a kan inda ladan zai fito. Ya halatta wani na gefe, kamar sarki ko attajiri, ya sa ladan don wanda ya yi nasara. Ya halatta ɗaya daga cikin masu tseren ya sa, in abokinsa ya tsere masa ya ɗauka. In kuwa shi mai sawar ne ya yi nasara, ladan ba ya komawa aljihunsa, sai a ba waɗanda suka halarta. Abin da bai halatta ba shi ne su biyun kowa ya sa nasa, wanda ya tsere ya kwashe duka, ko da sun shigo da mutum na uku wanda bai sa kome ba don ya halatta musu. Mahayin da ya fi kowa iya doki a Kano, in shi da abokin tserensa suka tara kuɗi a tsakiya, a wannan ma'auni caca ya yi, kuma iyawarsa ba ta shiga lissafin ba sam.

Idan aka mayar da Audu da Bala gaban wannan babi, za a ga cewa naira 600 ɗin da aka gina dukkan lissafin a kanta ita ce ainihin siffar da aka hana, domin daga aljihunsu su biyu ta fito, kuma ɗayansu ne zai tashi da ita. Sulusi da rabi da aka yi ta aunawa duk sassan wannan tari ne. Har ila yau Muhtasar ya shar'anta a ayyana mafarin tsere da maƙurarsa, da dabbar da za a hau, da yawan harbin da za a ƙirga, ladan kuma ya zama abin da ya inganta a sayar, wanda ke nufin sananne ne tun kafin a fara. A foka kuwa ɓoyewa ita ce jarin wasan, ladan ma ba a san iyakarsa ba sai an buɗe kati na biyar. Bala da ya amsa zubin farko a kan tarin 600 bai san ko a 2,778 za a tashi ba, ko a 16,200.